Kujerar Baya

Ranar da aka buɗe rajistar jarrabawar shiga aikin gwamnati, Malama ta dawo daga makarantar da take koyarwa, alli duk a gefen mayafinta, ta tarar an riga an zaɓar mata darasi.

Baba ne ya sanar da ita, yana zaune a kujerarsa ta falo da rediyo a cinya. Jarrabawar takarda biyu ce. Ta farko ta kowa da kowa ce: al'amuran yau da kullum, ɗan lissafi, ɗan rubutu. Ta biyu darasi ne guda da mutum zai zaɓa da kansa ya rubuta dogayen amsoshi a kai, kuma a nan ne ake tsere wa juna. Malama labarin ƙasa ta karanta a jami'a, shi take koyarwa a sakandare, shi kuma ta yi watanni tana bita. Baba ya ce ta ajiye shi. Ilimin gudanar da mulki za ta ɗauka, irin na ƙanenta.

Ta nemi jin dalili. Ya ce gida ɗaya ba ya buƙatar littattafai iri biyu, kuma mutum biyu in suna karatu ɗaya sun fi ƙarfafa wa juna gwiwa. Sannan ya shiga abin da ya fi son faɗa: shi a masinja ya ƙare aikinsa, ya ɗauki fayil daga wannan ofis zuwa wancan har gwiwoyinsa suka gaji, kuma duk manyan da ya yi wa aiki mulki suka karanta.

"Wa kika taɓa gani ya zama babban sakatare don ya san inda kogi ya nufa?" in ji shi.

Malama ta tuna masa cewa bana ce damarta ta ƙarshe. Hukumar jarrabawar ta sa iyakar shekaru, baɗi war haka ta wuce iyakar. Baba ya ce ai shi ya sa ma bai kamata ta tsaya wasa da taswira ba. Ya ƙara muryar rediyo.

Ainihin dalilin a kicin ta ji shi. Inna tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce yaron nan sau biyu ke nan yana faɗuwa, in ya sake ba ta san abin da zai sami mahaifinsu ba.

"Ke kanki yana ja. Ko me aka ɗora miki za ki ɗauka. Shi kuwa sai an riƙe masa hannu."

Yaron nan shi ne Darakta. Tun yana rarrafe Baba ya laƙaba masa sunan, har maƙwabta suka manta da na ainihin. Shi ne auta, shi ne kuma namiji tilo a gidan. Mulkin ya karanta a jami'a, ya fito da ƙyar, tun daga nan yake gida yana jiran kujerar da aka yi masa alkawari.

Washegari su uku suka je shagon kwamfuta na bakin titi, inda ake yi wa mutane rajista. Mai shagon ya tambayi wa za a fara yi wa. Baba ya ce ai ba sai an tambaya ba, a fara da namiji. Da aka zo kan Malama, mai shagon ya duba takardar shaidar karatunta, ya dubi kwamfutar, ya sake duban ta.

"Malama, labarin ƙasa na gani a nan. Mulki za a sa?"

Ya ce gara ta tabbata, don in ya danna shi ke nan, ba a canzawa. Malama ta dubi Baba. Baba yana kallon fankar da ke juyawa a sama kamar yau ya fara ganin fanka. Layi ya yi tsawo a bayansu, wani yana ta tsaki.

"Sa mulki," ta ce.

Lambobinsu suka fito a jere, ta Darakta sannan tata. Mai shagon ya ce ke nan ɗaki ɗaya za su zauna, ɗaya a bayan ɗaya. Wannan ya yi wa Baba daɗi ƙwarai. Ya ce ko biro ne ya ƙare wa yaron, yayarsa tana kusa.

Tebur ɗaya ne a gidan da ake iya karatu a kai, a ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Na Darakta ne. Malama ta mayar da katakon guga teburinta, a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki. Nan take buɗe littafin mulki in ta dawo daga makaranta, bayan ta ɗora girki ta duba aikin ɗalibanta. Darasin bai yi mata wuya yadda ta zata ba, bai kuma shiga ranta ba. Littattafanta na labarin ƙasa suka koma cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Da farko ta gwada koyar da Darakta yadda take koyar da 'yan aji. Ta yi bayani, ta kawo misali, ta ce ya maimaita da bakinsa. Darakta yakan gyaɗa kai har ƙarshe, in ta tambaye shi sai ya ce abin yana cikin kansa, fitowa ce ba ya yi. Wayarsa tana ƙarƙashin littafi tana ta haske. Ba a daɗe ba ya kawo shawara: ta tattara tambayoyin shekarun baya, ta ware waɗanda ake yawan maimaitawa, ta rubuta cikakkiyar amsar kowacce, shi kuma ya haddace. Hadda ce baiwarsa guda. Da ita ya ƙetare jami'a.

Malama ta ce wannan ba karatu ba ne. Aka kai ƙara wajen Baba. Baba ya ce shi bai ga abin ta da jijiyar wuya ba, a ofis ma wani ke rubutawa wani ya sa hannu.

Ta rubuta. Kowace amsa da gabatarwarta da misalanta da kammalawarta. Inda littafin ya yi tsauri takan ɗauko misali daga inda ta sani, kamar shugabar makarantar da ke yawo da makullin sito a jakarta, ranar da ba ta zo ba babu ajin da ke samun alli. Darakta yana kai da kawowa a baranda yana rera su kamar waƙa. Inna tana korar yaran maƙwabta daga ƙofar gida, wai Darakta yana karatu, tana kai masa shayi har ɗaki. Malama kuwa da ta zauna gaban katakon guga sai a tuna gishiri ya ƙare, ko ba a kwashe shanya ba.

Aikin bai tsaya a rubutu ba. Kowace yamma sai ta riƙe takardar tana bi, shi yana karantowa da ka, in ya tsallake kalma ta tsayar da shi a koma baya. Amsa ɗaya sai ta ji ta sau ba adadi. Ta sha ce masa ya juya su da kalmominsa, kada ya kai su ɗakin jarrabawa yadda suke.

"Yaya, in na juya su zubewa za su yi," in ji shi. "Ki bar min su yadda na jera su."

Akwai ajin bita da wasu malamai suka buɗe ranakun Asabar, inda ake ba mutane tambayoyi su amsa a ƙayyadadden lokaci kamar ranar jarrabawa. Malama ta je sau ɗaya. Asabar ta biyu tana sa takalmi, Inna ta tambaye ta wa zai saurari haddar Darakta. Ta ce ya jira ta dawo. Baba ya leƙo daga falo ya ce da safe ne kan yaron ya fi buɗewa, ita kuma ai malama ce, me wani malami zai koya mata? Ta cire takalmin.

Ranar ta kasa haɗiyewa. A gabansu duka ta ce wa Darakta shi fa yana da sauran shekaru, ita ba ta da su. An ɗauke mata darasinta, yanzu kuma ana ɗauke mata lokacinta. Darakta ya ɗaga hannuwa ya ce shi bai ce a canza wa kowa darasi ba. Inna ta ce in ya samu ai gidan ne ya samu, ita kuwa gobe wani zai zo ya ɗauke ta da aikin nata gaba ɗaya. Baba ya ce in yaron ya hau kujera, wa zai fara jawowa in ba yayarsa ba? Kowa ya faɗi tasa ya koma kan abin da yake yi. Darakta ya miƙo mata takardar, ya nuna mata inda suka tsaya jiya.

Ranar jarrabawa aka zaunar da su yadda mai shagon ya faɗa, a wani babban ɗaki mai layukan tebura. Darakta a gaba, Malama a bayansa tana kallon ƙeyarsa. Takardar farko ta ɗan ba ta wuya a wuraren da ba ta samu yin bita ba, amma ta san ta haye. Da aka raba ta biyu ta karanta tambayoyin, ta ji sanyi a ranta: kusan duka suna cikin waɗanda ta ware. Ta ga kan Darakta ya fara rausaya, alamar ya kama bakin zaren.

Ta yi niyyar sake wa amsoshin kama. Ta fara jimlar farko da wasu kalmomi, ta soke. Lokaci yana tafiya, kuma abin da ta rubuta da hannunta, ta saurara kowace yamma har tsawon watanni, shi ne ke zuwa bakin biro. Ba ta ga laifi a ciki ba, tunda nata ne. Ta sunkuyar da kai ta zuba su yadda suke, ba ta sake ɗagowa ba sai da aka ce a ajiye biro. A hanyar gida Darakta yana ta alfahari ko wasali bai tsallake ba.

Da sakamako ya fito babu lambar ko ɗayansu. Saƙo ne ya shigo wayoyinsu, iri ɗaya: an riƙe sakamakonsu, su bayyana gaban kwamitin ladabtarwa na hukumar.

Aka kira Kawu, ƙanen Inna. Ma'aikaci ne a wata ma'aikata, shi ake nema duk lokacin da magana ta shafi ofis. Ya yi 'yan tambaye-tambayensa, ya zo da yamma ya zauna a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ce takardunsu na darasin zaɓi ne suka zo iri ɗaya, kalma da kalma, har da shugabar makaranta da makullin sito, har da wata shekara da aka rubuta ba daidai ba a duka biyun. Malama ta san shekarar. Tun a gida ta yi kuskuren, Darakta ya haddace shi tare da sauran.

Ta ce to abin ai mai sauƙi ne, a je a faɗi gaskiya. Babu wanda ya leƙa takardar wani, kuma hadda ba laifi ba ce. Kawu ya yarda ba laifi ba ce. Sai dai ya ce in mutum biyu suka zo da wannan bayanin, kwamitin raba su yake yi, kowa da ɗakinsa, a ba su sabuwar tambaya a ga wanda ilimin yake kansa. Wanda ya kasa, nasa sakamakon ya tafi.

Baba ya juya ga Darakta ya tambaye shi ko zai iya. Darakta ya ce ya danganta da tambayar. Baba ya sake tambaya. Darakta ya ce gaskiya an ɗan kwana biyu, wasu sun fara zubewa.

Kawu ya gyara zama ya ce akwai wata hanya. In ɗaya ya amsa cewa shi ya leƙa ba da sanin ɗayan ba, shi kaɗai ake hukuntawa. Kuma kowa ya san wanda ke gaba ba ya ganin takardar na baya. Hukuncin shi ne a soke sakamakon mutum a hana shi sake zama na wasu shekaru. Duk wannan bayanin bango yake kallo. Sai a ƙarshe ya dubi Malama.

"Ke kuwa 'yata, ko an hana ki ko ba a hana ki ba, baɗi shekarunki sun wuce. Hanin bai rage ki da komai ba."

"Ya rage ni da bana, Kawu," ta ce. "Bana na ci. In aka faɗi gaskiya aikin nan nawa ne."

Baba ne ya karɓe maganar. Ya ce ita tana da aikinta a hannu, ko ba yawa tana fita da safe ta dawo da yamma, shi kuwa yaron ba shi da komai. Inna ta fara share hawaye da bakin zani, tana tambaya ko so take ƙanenta ya ƙare a zaman bakin titi. Malama ta ce aikin nata da ake magana, rabinsa kama yara masu satar amsa ne, da wane ido za ta dube su? Kawu ya ce wa zai ji? Irin wannan magana a cikin ofis take mutuwa.

"Ban taɓa roƙon ki komai ba," in ji Baba.

Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa roƙo ba, umarni yake bayarwa. Malama ta ce ya yi haƙuri, ba za ta je ta ce ta yi abin da ba ta yi ba. Baba ya ce to, kowa ya je ya faɗi abin da ya sani.

Ita ta ɗauka an amince ne. A kwanakin da suka biyo baya Inna ta daina yi mata magana sai ta aike. Kawu ya riƙa zuwa bayan ya tashi daga aiki, su shige ɗakin Darakta su turo ƙofa. Sau ɗaya Malama ta tare Darakta a baranda ta tambaye shi me zai faɗa wa kwamitin.

"Abin da ya faru mana, Yaya," ya ce, idonsa a kan waya.

Ranar zaman kwamitin, Baba ya raka su. Aka zaunar da su a dogon benci a wani lungun ofis mai warin tsofaffin takardu, masinjoji suna wucewa da fayil a hammata, Baba yana bin su da ido. Darakta aka fara kira, tunda lambarsa ce a gaba. Bai daɗe ba ya fito, ya wuce can ƙarshen bencin ya zauna.

Mutum uku ne a ciki, mace mai tabarau a tsakiya ita ce shugaba. Takardun biyu suna gabanta a buɗe, gefe da gefe. Malama ta faɗi komai yadda yake: yadda ta rubuta amsoshin, yadda ya haddace, yadda take riƙe masa takarda kowace yamma. Suka bar ta ta gama. Sannan na hannun dama ya karanta mata bayanin ƙanenta. A ciki Darakta ya ce shi kaɗai ya yi shirinsa. Bai san abin da ya faru a bayansa ba, tunda ba shi da ido a ƙeya. Ya dai ji kujerar baya tana yawan motsi.

Malama ta ce a dubi misalin shugabar makaranta, ai ita ce malama. Na hannun hagu ya ce kowa ya yi makaranta, kowa ya san shugaba da makulli. Ta ce amsoshin suna nan a gida da rubutun hannunta. Ya ce rubutun gida ko jiya ana iya yin sa. Ta ce to a raba su yanzu, a ba su sabuwar tambaya. Aka ce ana yin haka ne in su biyun sun zo da magana ɗaya, su kuwa ba su zo da ɗaya ba.

Shugabar ta cire tabarau ta ajiye.

"Malama, abu ɗaya nake so ki warware min. Ke labarin ƙasa kika karanta, shi kike koyarwa. Wannan ce damarki ta ƙarshe. Me zai sa ki bar abin da kika sani ki ɗauki darasin ƙanenki, ku yi rajista tare, ki zauna a bayansa, in ba da shi kika dogara ba?"

Malama ta ce ba ita ta zaɓa ba, mahaifinsu ne, kuma yana nan waje a tambaye shi. Suka dubi juna, shugabar ta ce a shigo da shi.

Baba ya shigo ya tsaya nesa da teburin, hannuwa a baya, yadda ya saba tsayawa gaban manya. An nuna masa kujera bai zauna ba. Shugabar ta tambaye shi ko tare 'ya'yansa suka yi karatu, kuma wa ya koyar da wani.

"Ranki ya daɗe, ni karatuna bai yi nisa ba, ban san abin da ke cikin littattafansu ba," in ji shi. "Abin da na sani, yaron mulki ya karanta. Ita kuwa taswira."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Aka yi masa godiya, ya fita da baya da baya, ya ja ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. An soke sakamakon Malama, an hana ta sake zama. An saki na Darakta, da maki mai kyau, an gayyace shi mataki na gaba, ganawa ta baki da baki. Inna ta yi girkin da ba ta saba yi ba sai da baƙi, ta aika wa maƙwabta. Da suka tambayi labarin Malama, ta ce tsautsayi ne, a taya ta da addu'a, yarinya ce mai hankali amma ɗakin jarrabawa wuri ne mai ruɗa mutum.

Maganar ba ta mutu a ofis ba. Cikin mako guda shugabar makarantar da Malama ke koyarwa ta kira ta, ta ce ita dai ba ta yarda da duk abin da ta ji ba, amma iyayen yara suna magana. Za a cire ta daga sa ido a jarrabawar zangon nan, wani malami kuma zai duba takardun 'yan ajinta, har ƙura ta lafa. A aji ta kama wani ɗalibi yana leƙen littafin na gabansa. Ta buɗe baki, ta ga yadda sauran suka zuba mata ido, ta ce kowa ya kula da aikinsa, ta juya ga allo.

A gida ba wanda ya ta da zancen. Darakta yana kauce mata a baranda. Baba yana amsa gaisuwarta kamar kullum.

Wata Asabar da safe ya aika a kira ta falo. Kawu yana nan, Inna tana tsaye a bakin ƙofa, Darakta yana zaune a ƙasa yana wasa da yatsun ƙafarsa. Baba ya ce abin da ya wuce ya wuce, komai rabo ne, kuma 'yan'uwa ba sa riƙe juna a zuci. Kawu ya karɓa ya ce ganawar ta kusa, kuma ya samu labarin yadda ake yin ta. Takardar mutum ake buɗewa a gabansa, a nuna masa abin da ya rubuta a ce ya yi bayani, a kawo masa matsala a ce yaya zai warware ta. Ya ɗan gwada Darakta jiya, akwai sauran gyara. Ita ce ta fi kowa sanin abin da ke cikin amsoshin, saboda haka ta zauna da shi kowace yamma ta fahimtar da shi ma'anarsu.

"Ai shi ya rubuta, Kawu," in ji Malama.

Inna ta ce ba lokacin wannan ba ne.

"Shi ya ce shi ya rubuta. Kwamiti ya yarda. Baba ma yana wurin." Muryarta ba ta tashi ba. "Ni taswira na karanta. Kuma an kama ni da satar amsa. Bai kamata ma a gan shi yana karatu da ni ba."

Baba ya ce shi take faɗa wa haka? Ta ce ya yi haƙuri. Inna ta ce duk wahalar da aka sha sai ta bari ta tashi a banza saboda baƙin ciki? Malama ta gaishe da Kawu, ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Ba a fasa shirin ba. Kawu ya jawo teburin Darakta zuwa tsakiyar falo ya zauna a bayansa a matsayin mai ganawa. Ta cikin ƙofa Malama tana jin su. Kawu ya yi tambaya a kan raba iko tsakanin shugaba da na ƙasa da shi. Darakta ya gyara murya ya kama, tiryan-tiryan, daga gabatarwa har kammalawa, Baba yana cewa madalla. Kawu ya ce to, da ka ce haka me kake nufi? Sai Darakta ya sake gyara murya ya koma daga farko.

Sau biyu Inna ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofar, ta kira ta da sunayen da ta daɗe ba ta kira ta da su ba. Malama tana zaune a bakin gado da littattafan 'yan aji a cinya, ba ta tashi ba.

Wajen azahar Kawu ya haƙura. Ya fita baranda da wayarsa, aka ji yana tambayar wani ko ya san su wa za su zauna a ganawar bana, ko akwai wanda aka sani a cikinsu. Ya dawo ya ce wa Baba kada ya damu, ana kan magana.

Mai yiwuwa Darakta ya samu kujerar. Ba shi ne na farko da zai hau ta haka ba. In ya hau, za a kawo masa fayil ɗin mutane a ajiye a gabansa, na mai jiran fansho, na mai neman a gyara masa kuskure, na wanda aka zalunta yake neman a saurare shi, kuma babu wanda zai riƙe masa takarda yana bi. Mutanen ba su san shi ba tukuna. Yayarsa kuwa ranar Litinin tana da aji da sassafe, darasi a kan yadda ruwa ke cin ƙasa a hankali, kuma ba ta gama shirya shi ba.